Mai Gora da Mai Kayak

Wata rana da yamma muna cikin aji, sai wani saurayi daga cikin masu koyon karatu ya miƙo mini wayarsa. Ya ce, "Malam, dubi wannan. Gaskiya ne, ko haɗin hoto ne?"

Na karɓa na duba. Hoton wani mutum ne zaune cikin ɗan jirgi siriri kamar ɓawon gyaɗa. Ruwa ta ko'ina. Can baya ga duwatsu sun yi fari fat da ƙanƙara. A gefen jirgin kuma ga wani kifi kwance, faɗinsa ya kusa na tabarmar salla. Waya ta zagaya aji, kowa na faɗin albarkacin bakinsa. Akwai wani dattijo a cikinmu wanda ya yi shekaru yana su a tabkunan Korama. Shi ya fi kowa daɗewa yana kallo. Can sai ya ce, "Malam, kifin bai ba ni mamaki ba, ikon Allah ya fi haka. Jirgin ne abin kallo. Wannan ai gora ne aka miƙar da shi."

Dattijon ya yi gaskiya. Hoton ba haɗi ba ne. Sunan jirgin kayak, sunan kifin halibut, wurin kuwa ya yi kama da Alaska, a arewacin ƙasar Amurka. Masuncin can da masuncinmu na Dungas da Magarya ba su san juna ba. Amma dukansu biyu sukan shiga ruwa su kaɗai, a kan abin da bai fi ƙarfin mutum ɗaya ba. Kuma a watan Maris aikin kowannensu yake kankama. Bari mu dubi nasu, sannan mu dawo gida.

Mene ne kayak?

Kayak jirgin mutum ɗaya ne. Kalmar daga harshen Inuwit ta fito, wato mutanen da ke zaune can ƙarshen arewacin duniya, a Girinlan da arewacin Kanada da Alaska. Yawancin ƙasarsu itace ba ya tsirowa saboda sanyi. Sai guntayen icen da teku ya turo gaɓa, da ƙasusuwan dabbobin ruwa. Da su suke haɗa ƙashin jirgin, kamar yadda muke ɗaura tsaikon ɗaki. Sannan mata su ɗinka fatar wata dabbar teku mai yawan kitse, mai ɗan kama da ayu. A lulluɓe jirgin da fatar sama da ƙasa, a shafe ta da mai don kada ruwa ya ratsa. Ƙofa ɗaya ake bari a tsakiya, daidai ƙugun mai shi. In ya zauna sai ya ɗaure bakin rigarsa ta fata a bakin ƙofar. Shi ke nan, shi da jirgi sun zama abu guda.

Filafilin kayak baki biyu gare shi. A tsoma dama, a tsoma hagu. Maharban Girinlan sun ƙware har ta kai in jirgi ya kife da mutum, kansa na ƙasa cikin ruwa, ba ya fita. Sai ya karkata jiki, ya share ruwa da filafili, jirgin ya mirgino ya dawo daidai. Tun suna yara suke koyon wannan, domin wanda bai iya ba, ruwan ba ya ba shi lokacin koyo.

Kayak na yau da roba mai tauri ake yin sa a masana'anta. Na masu su yakan kai mita 4 a tsawo, faɗinsa bai cika mita ɗaya ba. Da yawa a samansa ake zama, ba a ciki ba. Yana da wurin kafa sandar fatsa da wurin ajiye kifi. Ba inji, ba mai, ba ƙara. Mutum ɗaya zai iya jan sa daga mota zuwa bakin ruwa.

Kifi biyu da suke nema

Na farko shi ne salmon. Rayuwarsa abin mamaki ce. A cikin kogi ake ƙyanƙyashe shi, a ruwan daɗi mai sanyi, tsakanin tsakuwa. In ya ɗan tasa sai ya bi ruwa ya gangara teku. Jikinsa ya sauya, ya iya zama cikin ruwan gishiri. Can zai yi shekara ɗaya, ko biyu, ko har biyar, gwargwadon irinsa, yana ci yana ƙiba. In lokacin yin ƙwai ya zo sai ya juyo. Ba kowane kogi yake shiga ba, sai wanda aka haife shi a ciki. Masana sun gano cewa in ya matso gaɓa, da ƙanshin ruwan yake gane kogin gidansu.

Daga ranar da ya shiga kogi ya daina cin abinci. Kitsen jikinsa ne guzurinsa. Yana haurawa sama, ruwa na turo shi, yana tsallake duwatsu. A kogin Yukon akwai waɗanda ke yin tafiyar da ta fi kilomita 3,000. Ka tuna daga Damagaram zuwa Yamai wajen kilomita 900 ne. To, ka ninka fiye da sau uku, kuma ba loma ko ɗaya. In sun isa, macen ta share rami da wutsiya ta zuba ƙwai, namijin ya zuba nasa ruwan a kai. Bayan ƴan kwanaki duka biyun su mutu. Haka salmon na tekun Fasifik yake, sau ɗaya yake haihuwa a rayuwarsa.

Iri biyar ne a wannan gaɓar. Babbansu shi suke kira sarki. A shekarar 1985 wani mutum mai suna Les Anderson ya kama ɗaya da fatsa a kogin Kinai, nauyinsa kilo 44.

Na biyu shi ne halibut, kifin da muka gani a hoto. Shi kuwa ba ya barin teku. A ƙasan ruwa yake kwanciya, a kan yashi, shimfiɗe kamar faifai. Bayansa launin ƙasa, cikinsa fari. Abin da muke cewa baya da ciki ma, a gaskiya gefe da gefe ne. Ga yadda abin yake. In an ƙyanƙyashe shi, kamar kowane kifi yake, ido ɗaya dama, ido ɗaya hagu. Kafin ya cika wata shida sai idon hagu ya fara tafiya a hankali, ya haura ta saman kai, ya dawo kusa da na dama. Daga nan sai kifin ya kwanta a kan gefensa na hagu, idanu biyu na kallon sama. Ya lafe cikin yashi, ƙaramin kifi ya zo wucewa, ya zabura ya haɗiye.

Matan halibut sun fi mazan girma nesa ba kusa ba. Wani yakan rayu fiye da shekara 50. Wanda aka kama da fatsa a Unalaska a 1996, kilo 208 ne. Buhun hatsi biyu ke nan na kilo ɗari-ɗari, har da ɗori.

Su a ƙarshen sanyi

Watan Maris a can ƙarshen hunturu ne. Rana ta fara tsawo, ƙanƙara ta fara saki, amma ruwan teku bai wuce digiri 4 ko 5 ba. A wannan lokacin akwai salmon sarki waɗanda ba su isa komawa kogi ba tukuna, suna kiwo kusa da gaɓa. A garin Homa, a Alaska, har gasar kama su ake yi a wannan lokaci na shekara. Halibut kuma da hunturu can cikin zurfi yake zuwa yin ƙwai. In yanayi ya fara ɗumi sai ya riƙa matsowa inda ruwa bai cika zurfi ba, inda mai ƙaramin jirgi zai iya isa.

Dabarar kowane kifi daban. In salmon ake so, sai a maƙala ƙaramin kifi a ƙugiya, a saki zare a baya, a riƙa tuƙi a hankali kamar tafiyar mai kiwo. Kifin da ke ƙugiya yana juyawa cikin ruwa kamar mai rauni, salmon ya gani ya kai cafka. In halibut ake so, dalma mai nauyi ake ɗaurawa, a saki har ta taɓa ƙasa, a riƙa ɗagawa ana saukewa. Sai an lura da lokaci kuma. Ruwan teku yana cika yana janyewa sau biyu a kwana ɗaya, kuma a wajen Homa tsakanin cika da janyewa wani lokaci ya fi mita 7. In ruwa na gudu, ba dalmar da za ta zauna ƙasa. Sai a ɗan tsakanin nan da ya tsaya cik.

To, a ce babba ya kama. Nan ake yin ta. Kifin da ya kai nauyin mutum ba a jan sa, shi ke jan jirgi. Masunci ya bar shi ya yi ta ja har ya gaji. Ko ya taso sama ma, mai hankali ba ya ɗora shi a cinya da rai. Bugu ɗaya da wutsiya ya isa ya kifar da kayak. Waɗansu mashi suke soka masa mai igiya, a ƙarshen igiyar an ɗaura abin da ba ya nutsewa, su bar shi ya ƙarasa gajiya nesa da jirgi. Waɗansu kuwa in sun ga ya fi ƙarfinsu sai su cire ƙugiya su sallame shi. Ba mai ɗaura igiyar kifi a hannunsa ko a ƙugunsa. Wuƙa kuma kullum tana maƙale a ƙirji.

Amma ba kifi ne ya fi kashe su ba. Sanyi ne. Mu da muke kukan sanyin Janairu in mun yi alwala da asuba, ba mu san wannan ba. Mutum in ya faɗa irin ruwan nan, minti na farko numfashi ke ƙwace masa, yana haki ba da sonsa ba. In kansa na cikin ruwa a lokacin, ya shaƙa ke nan. In ya tsallake wannan, yana da kamar minti 10 kafin hannuwa da ƙafafu su daina jin magana. Gwanin iyo ma a nan yake nutsewa. Shi ya sa suke sa wata riga tun daga wuya har ƙafa wadda ruwa ba ya shiga, su ɗora rigar da ke hana nutsewa a kai. Sukan fita su biyu ko uku, su duba labarin iska kafin su bar gida, su gaya wa na gida inda za su da lokacin dawowa. Kuma tun a bakin gaɓa sukan kifar da jirgin da gangan, su koyi sake hawa.

Mu dawo gida

Mu ba mu da teku. Amma Allah bai hana mu ruwa ba. Kudancin jihar Damagaram ya fi arewacinta samun ruwan sama, kuma a kwarin Korama ruwan ƙasa kusa yake. Kwarin ya taso daga wajen Matamai ya yi gabas, ya bi ta ƙasar Waca da Guci. Shi ya ba mu rake da lambuna, shi ya ba mu tabkuna. Waɗansu da sun ga bazara sun ƙafe. Waɗansu suna riƙe ruwa shekara ta zagayo. Tabkin Lasuri yana cikin wuraren ruwa da aka sa a yarjejeniyar duniya ta Ramsar tun 2005. Akwai na Gidimuni, akwai na Madarumfa a jihar Maraɗi. In ka tsallaka iyaka ta Maigatari kuma, ba ka yi nisa ba za ka faɗa fadamun Haɗeja da Nguru. Gundumar Dungas a 2011 aka cire ta daga Magarya, amma ruwa bai san da wannan rabon ba, masunta ma haka.

Lokacin da ƙanƙara ke narkewa a Alaska, mu bazara ce ke shigowa. Zafi ya kai digiri 40, tabki yana ja da baya kullum. Kifin da ya watsu cikin ciyawa da damina yanzu ya taru wuri guda, ya yi girma. Hatsi na rumbu, aikin gona bai taso ba. Lokacin su ke nan.

Kayak ɗinmu shi ne gora. Babban gora ake nema, wanda ya ƙosa ya bushe sarai, a huda baki a sama, a kwashe cikin. Masunci ya kwanta a kai rub da ciki, ya riƙa tuƙi da hannu da ƙafa. Gora ya ɗauke shi, gora kuma ya ɗauki kifin da ya kama, domin ta bakin nan yake jefa su ciki. Ba ƙusa, ba kwalta, ba kuɗin kafinta. In an tashi, ka ɗora abinka a ka ka tafi gida. Ba ya ƙara, ba ya firgita kifi, kuma yana shiga lungun da kwale-kwale ba ya shiga. Duk abin da mai kayak yake yabon jirginsa da shi, mai gora ya riga shi.

Wanda ya taɓa ganin bikin su na Argungu a jihar Kabi, ko da a talabijin ne, ya ga gora a bakin aiki. Tun 1934 ake yin bikin, lokacin da Sarkin Musulmi Hasan ɗan Mu'azu ya kai ziyara garin. Dubban mutane ke faɗawa ruwan Matan Fada lokaci guda, kowa da goransa da homarsa. A 2005 wanda ya ci gasar, kifinsa kilo 75 ne. Ka ji fa. Wannan ya fi salmon ɗin Les Anderson da kilo 31, kuma ba fatsa, ba inji, hannu ne da homa.  A tabkin Cadi kuma Buduma da ciyawar ruwa suke ɗaure jirginsu.

Kifayenmu ma ba su rasa abin mamaki ba, sabo ne ya sa muka daina gani. Dubi gaiwa. Huhu gare ta, iska take shaƙa. In tabki ya fara ƙafewa sai ta nutse cikin taɓo, ta naɗe jikinta, wutsiya a kan fuska. Yauƙin jikinta ya bushe ya zama kamar jaka, ta bar ƴar ƙofa daidai baki don numfashi. Haka za ta kwanta wata da watanni, ƙasa ta tsage a kanta, shanu na takawa. Ruwan farko na sauka ta farka. Salmon yana tafiyar kilomita dubbai ba ci. Gaiwa kuwa ko taku ɗaya ba ta yi, amma ta fi shi daɗewa da azumi.

Tarwaɗa ita ma tana iya shaƙar iska, shi ya sa take daɗewa da rai cikin gora, kuma in ƙasa na da danshi takan ja ciki da dare daga wannan ruwa zuwa wancan. Karfasa kuwa, wadda waɗansu ke cewa gargaza, uwar a baki take goyon ƙwanta. Ba ta cin kome har sai sun ƙyanƙyashe. Ko bayan nan, in ƴaƴan sun ji tsoro bakinta suke komawa. Masuncin da ya buɗe bakin karfasa ya ga ƙwai, ya san ba kifi ɗaya ya kama ba, ɗaruruwa ne.

Abin da ke cin mutum a ruwanmu

Ruwanmu ba shi da sanyin da ke kashewa cikin minti goma. Wannan ne ma yake sa mu sakaci. Muna ganin tabki ne, na gida, tun muna yara muke wanka a ciki.

Ina ɗan shekara goma sha biyu na saci goran kawuna da rana tsaka, yana barci. Ban san yana da tsaga ba. An kai shi wurin gyartai an ɗinke, amma ɗinkin ya saki. Na yi nisa da gaɓa, ina jin daɗi, sai na ji gora na nauyi a ƙarƙashina. Kafin in juya ya cika rabi. Na sake shi na ce in yi iyo. Ashe inda na sa ƙafa ciyawa ce, ta naɗe ni har gwiwa. Wani mai ban ruwan rake ne ya ji ihuna ya miƙo mini gwangwala. Dukan da na sha a gida bai kai tsoron da na ji ba. Tun ranar na san abin da kawu yake yi kullum da safe, in ya danna gora cikin ruwa a bakin gaɓa ya tsaya yana kallo. Kumfa yake nema. In kumfa ta taso, ranar ba shiga.

Ciyawar nan da ta kama ni ba ta kai kacalla ba. Kacalla ta cinye tabkuna da yawa a ƙasarmu. A fadamun Haɗeja da Nguru ta toshe hanyoyin ruwa bayan an gina madatsar Tiga a 1974 da ta Calawa a 1992, ruwa ya daina hawa da sauka yadda ya saba. Inda ta yi duhu ba a jefa birgi, ba a shimfiɗa kalli, kuma wanda ya faɗa ciki ko na gaɓa ba ya hango shi.

Sai kayan aikin kansu. Mamari igiya ce mai ƙugiyoyi ɗari ko fiye, tana kwance cikin ruwa ba a ganin ta. In ta kama wando ko fatar ƙafa, ga gora na ja gaba, ga igiya na ja baya. Birgi kuma da yawa a wuyan hannu suke ɗaura igiyarsa. In ya sarƙe da kututture a ƙasa, mai shi yake jawowa. A nan dabarar mutanen Alaska ta yi mana rana: wuƙa a jiki inda hannu zai kai, kuma kada a ɗaura wa jiki igiyar da ba za a iya kwancewa da ja ɗaya ba. Rigar hana nutsewa tana da tsada, gaskiya ne, kuma ba a kowace kasuwa ake samun ta ba. Amma jarka ta lita 5, wadda ba kome ciki, in an toshe bakinta da kyau, tana riƙe kan babban mutum a saman ruwa. Kwale-kwalen da ya ɗauki mutum shida, ya kamata a ga jarka shida a ciki. Shiga ruwa mutum biyu kuwa, da gaya wa na gida inda aka nufa, ba sa cin ko dala.

Akwai kuma mai cin mutum a hankali, wato tsargiya. Ƙwayar cutar a jikin ƙananan dodon koɗi take girma, ta fito cikin ruwa, ta huda fatar wanda ya shiga. Mai gora rabin jikinsa a ruwa yake wuni. Fitsarin jini ba alamar balaga ba ce, kamar yadda ake gaya wa yara. Ciwo ne, in ya daɗe yana lalata mafitsara da ƙoda. Maganinsa ƙwaya ce, akwai ta a likita. Kuma mai ciwon in ya yi fitsari a tabki, shi ke mayar da ƙwan cutar ruwa. Manyanmu sun tuna yadda kurkunu yake kwantar da gari guda da damina. An tace ruwa, an hana mai ciwo shiga tabki, har a 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta shaida Nijar ta rabu da shi.

Ƙugiyar katako da yatsu uku

Akwai waɗansu mutane a kudancin Alaska, ana ce da su Tilingit. Tun kafin zuwan Turawa suke kama halibut daga jirgin katako. Ƙugiyarsu ta itace ce, reshe biyu an haɗa kamar baki buɗe, da tsinin ƙashi a ciki. Gwanintar tana wurin faɗin bakin. Sun auna shi yadda ƙaramin halibut ba zai iya haɗiya ba, babba ƙwarai kuma ba ya maƙalewa. Sai matsakaici. Ka ga riba biyu. Jirgi bai kife ba. Manyan kuma, waɗanda mata ne masu ƙwai, sun zauna a ruwa.

Da jiragen inji suka zo suka yi ta kwasa, halibut ya fara ƙaranci. Dole Amurka da Kanada suka zauna a 1923 suka sa hannu a yarjejeniya, suka kafa hukuma guda mai ƙayyade yawan da za a kama da lokacin rufe su. Har yau tana aiki. Duk da haka ba a gama tsira ba. Kogin Kinai ɗin nan da ya ba da kifi mai kilo 44, a 2023 da 2024 hana kama salmon sarki aka yi a cikinsa, saboda waɗanda ke dawowa yin ƙwai sun yi kaɗan. In teku da faɗinsa yana iya ƙarewa, ina ga tabkin da yaro ke zagayawa kafin azahar?

Mu ma muna da ma'auninmu. Dokar su da Nijar ta yi a watan Disamba na 1998 ta ce mai su don sayarwa sai da takardar izini. Ta hana zuba guba a ruwa, ta hana nakiya. Ta kuma hana tarun da idonsa bai kai yatsu uku ba, wato santimita 6 in an ja shi. Dalilin a fili yake. Karfasa tana fara haihuwa tun tana wata biyar ko shida. In ido ya kai yatsu uku, ƙananan za su zurare su wuce, su samu su yi ƙwai ko sau ɗaya kafin su shiga tukunya.

Abin da ya fi ba ni haushi shi ne gidan sauro, wato sange. An raba shi kyauta don yara su tsira daga zazzaɓi, sai ka gan shi a tabki mutum biyu na ja. Ba abin da yake bari, har ƙwai. Abin da aka kwaso bai cika tiya ba, an shanya a rana ya zama kamar ƙaiƙayi. A bar su wata huɗu, da kwando ne. Yaro kuma ya kwana sauro na cizo. Na san mai yin haka ba don mugunta yake yi ba, miya yake nema. Amma hasara biyu ce a dare ɗaya.

Lokacin rufewa shi ma ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Tun kafin takarda, sarkin ruwa ke cewa yau an buɗe, yau an rufe, kuma ba mai sa ƙafa sai ya yi izini. Inda ake jin maganarsa har yanzu, kifi ya fi girma. Lokacin da ya fi hatsari ga tabki shi ne ruwan farko. A daren da ruwa ya malala cikin ciyawa, tarwaɗa ke fitowa gefe yin ƙwai, inda ruwa bai kai idon sawu ba. Ba ta gudu. Da sanda ma ana kashe ta, da fitila a hannu. Uwa ɗaya ƙwai dubbai ke cikinta. Wanda ya cika buhu a wannan dare, kifin bazara mai zuwa ya kwashe, nasa da na maƙwabta. Ma'aikatan gandun daji, su ke kula da su a ƙasarmu, kuma a wurinsu ake neman izini da bayanin doka. Amma ba su da yawan da za su kwana a bakin kowane tabki. Mutanen gari ne ke kwana a can.

Mako na zagayowa, dattijon nan ya shigo aji da kallinsa a kafaɗa. Ya ce a auna a gaban kowa. Saurayin mai waya ya ja ido ɗaya, ya zura yatsu. Biyu suka shiga, na uku ya ƙi. Aji ya yi tsit. Dattijo ya karɓa ya gwada da kansa, ya sake gwadawa a wani wurin. Ya ce, "Irinsa kaɗai ake kawowa kasuwa yanzu, ɗana. Na dā da muke saƙawa da hannu, huɗu ma suna shiga." Ya naɗe abinsa ya tura ƙarƙashin benci. Ya ce ranar Juma'a in an sauko masallaci zai sami sarkin ruwa, a tara masu kalli da masu kawo shi, a yi maganar kafin ruwan farko ya sauka. Sannan ya buɗe littafinsa, muka ci gaba da darasi.